Tambaya da Amsa: An Je Bita, An Sayo Inji, Amma Aiki Yana Nan Jiya-i-yau

Wasiƙun da suka zo mana wannan karon daga Katsina da Daura da kewayensu kukansu ɗaya ne. Ana ɗauko ilimi a waje, wani lokaci da kuɗi masu nauyi, amma da ya iso ma'aikata ko kamfani ko ƙungiya sai ya ƙi zama. Mun zaɓi bakwai, muka taƙaita su, muka miƙa su ga masu amsa tambayoyin wannan fili, cikinsu akwai masana harkar gudanarwa, injiniyoyi, malaman gona da ma'aikatan lafiya.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ke kula da horar da ma'aikata a wata ma'aikata a cikin birni. Duk shekara muna tura mutane bita Kano da Kaduna da Abuja. Suna dawowa da takardar shaida da jaka da littattafai, amma in ka zaga ofisoshi bayan wata uku, babu abin da ya motsa. Shugabanni sun fara maganar rage kuɗin horo. Ina gizo yake saƙar? *Jami'in horo, Katsina*

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin a taɓa kuɗin, ɗauko fayil ɗin bitocin shekara 2 da suka wuce, ka raba takarda gida uku: wa aka tura, wane aiki yake yi da hannunsa kullum, me aka koyar a can. Yawanci a nan ɓarakar farko ke bayyana. Bitar ta ajiyar bayanan ma'aikata a kwamfuta ce, amma wanda ya je mataimakin darakta ne da ba ya taɓa waɗannan bayanan, ko wanda layin alawus ya zo kansa. Akawun da zai zauna gaban kwamfutar yana nan a kujerarsa.

A 1990 wasu masana biyu a Amurka, Wesley Cohen da Daniel Levinthal, suka bayyana cewa iyawar ma'aikata ta gane darajar sabon ilimi, ta fahimce shi, ta yi aiki da shi, ta dogara ne a kan abin da ta riga ta sani a wannan fannin. Wanda bai san aikin ba, ko a sahun gaba ya zauna kwana biyar, ba zai gane wace magana ce ta taɓa matsalar ofishinsa ba, ba kuma zai san tambayar da ya kamata ya yi ba. A 2002 Shaker Zahra da Gerard George suka raba al'amarin hawa huɗu: samo ilimin, fahimtarsa, haɗa shi da yadda ake aiki a gida, sannan cin moriyarsa. Hawa biyun farko dama kawai suke buɗewa. Kuɗin horonku kuwa a hawa na farko yake ƙarewa: mota, masauki, alawus, rajista. Ba a ware ko sisi ba don ranar Litinin ɗin da mutum zai dawo.

Ga abin da yake tararwa ranar. Fayiloli sun taru a teburinsa. Sabon fom aka koya masa, amma ofishin odita tsohon yake karɓa. Manhajar da aka nuna masa tana son kwamfuta da wuta da data. Ko layi ɗaya ba shi da ikon canzawa sai da sa hannun darakta, darakta kuma bai san abin da aka koyar ba. Mako uku ya isa ya haƙura.

Kada a amince da tafiya sai sashen ya rubuta matsala ɗaya a layi uku, da adadi a ciki: fitar da takardar ƙarin girma tana cin kwana kaza, muna so ta koma kwana kaza. A tura mutum biyu, mai yin aikin da mai ikon sa hannu, domin wanda ya dawo shi kaɗai ba shi da mai mara masa baya. Cikin kwana 7 da dawowa su zauna da abokan aikinsu awa 2, su yi aikin a gabansu da fayil na gaske, kada zaman ya zama karatun rahoto. Su zaɓi canji ɗaya tak, a gwada shi a sashe ɗaya kwana 60 zuwa 90, a kuma sauke musu wani aikin a wannan tsakanin. In ya yi kyau a fitar da sakula, a buga sabon fom, a kwashe tsohon daga kabad gaba ɗaya. Muddin tsohon yana nan a kusa, hannu shi zai koma wa.

Maganar alawus ba za mu tsallake ta ba. Albashi ba ya kaiwa, shi ya sa ma'aikata ke ganin raba tafiya bi da bi shi ne adalci, kuma suna da hujjarsu. A rubuta ƙa'idar zaɓen wanda zai je, a manna ta inda kowa zai gani, sannan a sa wani ɗan ihsani ga wanda ya dawo ya koyar har canjin ya zauna. Abin da za ka kai wa shugabanninku shi ne a rage yawan tafiye-tafiyen, kuɗin da ya ragu a zuba shi a kayan aiki da gwajin bayan dawowa.

Tambaya: Na sayo injin gyaran shinkafa daga ƙasar waje. Injiniyan kamfanin ya zo ya kafa shi, ya yi mako guda da yarana, shinkafa na fita tas. Bayan tafiyarsa da 'yan watanni tsaki ya yi yawa, shanshera na biyo shinkafa, moto ɗaya kuma ya ƙone. Littafin injin yana nan a ofis. Cutata aka yi, ko yaran ne ba su da kai? *Mai injin shinkafa, Daura*

Amsa: Alhaji, a alamun da ka lissafa ba mu hango cuta ba, ba mu kuma ga laifin kan yaranka ba. Ƙarfe da littafi ka karɓa. Babban kaso na sanin injin yana kunnen injiniyan da tafin hannunsa, kuma da shi ya koma ƙasarsu. Shi da ya ji ƙarar ta canza, sai ya ɗan matsa wani noti bai ce komai ba, domin a wurinsa abin bai kai a faɗa ba. Yaranka sun ga ya taɓa, ba su san abin da ya ji ba.

Fara da danshi. Shanshera tana son danshin kashi 13 zuwa 14 cikin 100 lokacin da za ta shiga inji. In ta fi haka laushi, sai ta dagargaje ta toshe rariya. In kuma an bar ta ta ƙone a ranar bazara irin ta Daura, ko ta bushe ƙayau sannan raɓa ta sake taɓa ta, ƙwayar takan tsage daga ciki tun tana cikin ɓuntunta, da ta haɗu da inji sai ta karye. Ciza da haƙori ba ya raba 12 da 14. Sayi na'urar auna danshi ta hannu, a auna kowane kaso da ya shigo, a rubuta a littafi. Wadda aka turara kuma a shanya ta zango biyu, a tara ta a inuwa ta huta 'yan awoyi a tsakani.

Shansherar da ke biyo shinkafa daga robobin ɓare ɓuntu take. Robobi biyu ne masu juyawa suna fuskantar juna, ɗaya ya fi ɗaya gudu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, tazarar tsakaninsu kuma wajen rabin kaurin ƙwayar shanshera ce. Kullum roba na cinyewa, tazarar na buɗewa. Da yara suka ga shanshera na wucewa sai su ɗaure da ƙarfi, daga nan tsaki ya ƙaru, robar ma ta ƙare da wuri. Ga awon da kowane yaro zai iya: ya tara hannu a bakin mafitar, ya ƙirga ƙwaya 100 a kan faranti. Tsakanin 85 da 90 ake so a samu sun ɓare. In ba su kai ba, a matsa kaɗan a sake ƙirgawa. In duka 100 sun ɓare, an matse da yawa. Robar da ta fi gudu ita ke riga cinyewa, don haka ana musanya musu wuri lokaci-lokaci su ƙare tare.

Moton kuwa, a duba abu uku. Wutar layi uku yake ci, in layi ɗaya ya ɗauke yana cikin aiki zai ci gaba da juyawa yana zafi har waya ta ƙone, sai dai in an sa na'urar da ke yanke wuta da kanta a irin wannan hali. Na'urar kariya daga nauyi kuma a saita ta daidai da adadin da ke rubuce a farantin jikin moton, kada a ɗaga ta don tana yawan yankewa, yankewar faɗakarwa ce. Na uku, lokacin tashi moto na iya jan wuta ninki 5 zuwa 7 na abin da yake ci yana tafiya, don haka ba a tayar da shi da kaya a ciki, ba a kuma tayar da duka a lokaci ɗaya a kan janareta. A fara da injin ƙarshen layi a dawo baya, wajen kashewa a fara tsayar da zuba shanshera har cikin ya zama fanko. A riƙa kaɗe ƙurar ɓuntu da ke toshe masa iska.

Yanzu ka nemi injiniyan ya dawo ko da kwana 3 ne, ko a yi ta bidiyon waya, domin sai yanzu yaranka suke da tambayoyi. A makon farko ba su san abin da za su tambaya ba. Wannan karon su za su riƙe injin, shi ya tsaya a gefe yana faɗin dalilin kowane abu, wani na ɗauka da waya. Bakaniken da mai gyaran wutar da za ka riƙa kira su kasance a wurin. A koya wa mutum uku, kada a tsaya a ɗaya, a rubuta takarda shafi ɗaya da Hausa a manna jikin kowane inji, a kuma rubuta lambar kowane boris da bel da rariya tun ba su lalace ba. Ga mai shirin sayen sabo: ka sa a yarjejeniya cewa za ka riƙe wani kaso na kuɗin sai an gwada injin da shansherarka, da hannun yaranka, kuma ziyara ta biyu bayan wata 2 ko 3 tana cikin farashi. Yaron da ya ƙware kuma ka ƙara masa albashi, in ba haka ba wani mai injin zai ɗauke shi da duk abin da ya koya.

Tambaya: Wasu sun zo sun nuna mana buhu mai leda biyu na ajiyar wake ba tare da magani ba. Muka haɗa kuɗi muka saya. Da muka buɗe, wasu buhunan lafiya lau, wasu ƙwaro ya gama da su. Yanzu mata sun ce a koma wa ƙwayar magani. Yaya zan yi da su? *Shugabar wata ƙungiyar mata masu ajiyar wake, ƙasar Daura*

Amsa: Hajiya, ranki ya daɗe, tunda wasu buhunan sun fita lafiya, dabarar ta yi aiki a hannunku. Abin nema shi ne bambancin da ke tsakanin waɗanda suka tsira da waɗanda suka lalace. Alamu sun nuna an nuna muku yadda ake ɗaurewa, ba a tsaya an bayyana muku dalilin ba. Wani masani, Gabriel Szulanski, ya bibiyi sau 122 da aka yi ƙoƙarin ɗaukar wata kyakkyawar hanyar aiki daga wani sashe zuwa wani a kamfanoni 8, ya fitar da sakamakon a 1996. Manyan abubuwan da ya ga suna hana ruwa gudu uku ne: mai karɓa ba shi da tushen da zai ɗora sabon abin, ba a san takamaimai abin da ke sa hanyar ta yi aiki ba, sai kuma wahalar mu'amala tsakanin mai bayarwa da mai karɓa. Rashin son canji, wanda aka fi ɗora wa laifi, yana bayan waɗannan.

Buhun da aka nuna muku, wato buhun PICS, wanda masana a Jami'ar Purdue ta Amurka suka samar tare da takwarorinsu na Kamaru, leda biyu ne masu kaurin maikiron 80 a cikin buhun saƙa. Babu magani a jikinsa ko kaɗan. Iska yake tsarewa. Ƙwarin da suka shigo tare da waken su ke shaƙe 'yar iskar da ke ciki, in ta yi ƙasa sai su daina ci da haihuwa, su bushe su mutu. Duk wadda ta riƙe wannan, da kanta za ta gane cewa huji kamar na allura ya isa ya ɓata aikin, haka nan buɗewa duk mako don ɗibar tiya ɗaya ta girki.

Ku tara buhunan da suka lalace ku bincika su a gaban kowa. A hura iska a kowace leda, a murɗe bakin, a danna a ji ko tana fita. A duba ko ɓera ya taɓa gindin, ko tsinke da tsakuwar da ba a tsince ba sun huda daga ciki. A tambayi mai buhun: kowace leda daban kika ɗaure, ko kin haɗa su ɗauri ɗaya? Sau nawa kika buɗe? A ina aka saya, domin akwai masu kama da shi a kasuwa da ledarsu ba ta kai kauri ba.

Ga yadda ake yi daga farko. A shanya waken ya bushe sosai, a sheƙe, a tsince, a bar shi ya huce a inuwa. Don gwada bushewa, a zuba ɗan wake da busasshen gishiri a busasshiyar kwalba, a rufe, a girgiza, a ajiye ɗan lokaci. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, da sauran danshi. A sa leda cikin leda cikin buhu, a zuba a hankali ana girgizawa, a bar wajen taƙi ɗaya a sama. A matse iskar ledar ciki, a murɗe wuyan, a lanƙwasa, a ɗaure da igiya mai laushi. A yi wa ta biyu haka ita kaɗai, sannan buhun waje. A ɗora a kan katako, nesa da bango da rana. Waken girki a ware shi daban.

Kada ki yi gardama da matan. Bana ku ɗaure buhu biyu a gaban taro, ɗaya na PICS, ɗaya buhun da aka saba ba magani, daga wake iri ɗaya, a ajiye a ɗakin da kowa ya yarda da mai shi, a buɗe a gaban taron bayan wata 4 zuwa 6. Masu yaɗa buhun ma da irin wannan buɗewa a bainar jama'a suka shawo kan ƙauyuka. Ku zaɓi mata biyu su zama masu duba ɗaurin kowa, ku kuma riƙe lambar malamin gonar KTARDA, hukumar bunƙasa aikin gona ta jihar Katsina, na yankinku. Ƙwayar maganin kuwa hayaƙi mai guba take fitarwa, yana kashe mutum, bai kamata ta kusanci ɗakin da ake kwana ba.

Tambaya: Shekara 2 ke nan da na gama digiri na kama aiki a wani kamfani. Duk abin da na kawo, daga karatuna ko daga abin da na ga wasu kamfanoni na yi, sai manajanmu ya ce tun ba a haife ni ba suke wannan aikin. Na fara tunanin in ja bakina in riƙa karɓar albashina. *Matashi, Katsina*

Amsa: Ƙanenmu, kada ka ja bakinka, ƙofar shiga za ka canza. Halin ba na manajanku ba ne shi kaɗai. A 1982 Ralph Katz da Thomas Allen suka nazarci rukunin masu bincike 50, suka ga cewa rukunin da mutanensa suka haura kimanin shekara 5 tare ba sabon jini, hulɗarsu da masanan waje tana raguwa, ingancin aikinsu ma yana sauka. Wanda ya daɗe a kan hanya ɗaya, sukar hanyar yakan ji ta kamar sukar kansa.

Sai dai ka yi masa adalci. Mai yiwuwa an taɓa gwada abin ya faɗi, shi yana nan, kai ba ka nan. Same shi shi kaɗai, ba a taro ba, ka ce: "Ranka ya daɗe, an taɓa gwada irin wannan a nan? Me ya hana shi tafiya?" Amsarsa ko dai ta gyara shawararka, ko ta nuna maka ainihin abin da yake tsoro. Sannan ka roƙi abu ƙarami: sito ɗaya, wata ɗaya, kuɗi kaɗan, in bai yi ba a koma yadda ake. Hujjarka ta fito daga littattafan kamfanin, kaya nawa suka lalace, kwana nawa oda ke jira. In gwajin ya yi kyau, bar shi ya kai wa mai kamfani da bakinsa.

In da hali, ka shirya ya je ya gani a hannun sa'ansa. Gani ya kori ji. Maraɗi ta fi Kano kusa da Katsina, kuma a yankinta ne tun daga 1983 aka fara sassabin zamani, inda manomi ke barin 'yan tsiro mafi ƙarfi a kututturen gawo ko kalgo ya sassabe sauran maimakon ya ƙone duka. An ƙiyasta abin ya kai hekta kusan miliyan 5 a Nijar, kuma mafi yawan yaɗuwarsa daga manomi zuwa maƙwabcinsa ne, bayan ya ga itace da harawa da gero a gonar da ke jikin tasa. Manajojin da ke karanta wannan fili kuma, ku ware rabin awa a wata inda ƙananan ma'aikata za su fara magana kafin manya su buɗe baki.

Tambaya: An kawo mana takardar bin matakan kariya a ɗakin tiyata, aka ce dole a cike ta ga kowane majinyaci. Gaskiya bayan an gama aiki ake zama a yi mata maki. Tana da amfani kuwa? *Ma'aikaciyar jinya, Katsina*

Amsa: Sista, yadda kuke yi ɗin ba ta da amfani, har ma tana iya cutarwa, tunda fayil zai nuna an duba abin da ba a duba ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da takardar a 2008 da abubuwa 19. A gwajin da aka yi a asibitoci 8 na ƙasashe daban-daban, ciki har da na Ifakara a Tanzaniya, mace-macen bayan tiyata sun sauka daga kashi 1.5 zuwa 0.8 cikin 100, matsalolin bayan aiki kuma daga kashi 11 zuwa 7. Amma da aka wajabta ta a lardin Ontariyo na Kanada, binciken da ya fito a 2014 kan asibitoci 101 bai ga wani canji na a zo a gani ba. A gwajin farko an horar da ma'aikata, an gyara tsarin aiki, ana kuma bibiya. Umarni shi kaɗai bai kawo wannan ba.

Amfanin yana cikin tsayawa sau uku a yi magana da baki. Kafin a sa barci: a tambayi majinyaci sunansa, wane aiki, wane ɓangare, ko akwai maganin da jikinsa ba ya so, a tabbatar na'urar auna iskar jini tana yatsarsa tana aiki. Kafin a sa wuƙa: kowa ya faɗi sunansa da aikinsa, a tabbatar an ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta cikin minti 60 da suka wuce, likita ya faɗi inda yake hangen matsala. Kafin a fitar da majinyaci: a ƙirga auduga da allurai da kayan aiki, a tabbatar an rubuta suna a jikin duk samfurin da za a kai gwaji.

Abin da ke kashe ta a wurarenmu shi ne nas ba za ta iya tsayar da babban likita ba. Don haka sai babban likitan tiyata ya faɗa a gaban kowa cewa ya ba mai karanta takardar ikon tsayar da aiki, shi kuma ya fara miƙa wuya. Ku fara da ɗaki ɗaya da tawaga ɗaya. Ku rubuta ta da manyan baƙaƙe a bango, ku daidaita kalmominta da kayan da kuke da su. Inda ta tambayi abin da babu, kamar jini a ajiye, a rubuta babu, a tara waɗannan a kai wa hukumar asibiti duk wata. Mai duba ingancin aiki kuma ya shigo ya saurara da kunnensa, ya daina ƙirga takardun da aka cike.

Tambaya: Ina da ƙaramar masana'antar man gyaɗa. Man yana saurin canza wari. Ga jami'o'i a kusa, amma ban san ta inda zan shiga ba. *'Yar kasuwa, Katsina*

Amsa: Hajiya, wasiƙa zuwa ofishin shugaban jami'a za ta daɗe tana yawo. Ki je kai tsaye wurin shugaban sashen kimiyyar sinadarai ko na fasahar abinci, a Jami'ar Umaru Musa Yar'adua, ko ta Tarayya da ke Dutsin-Ma, ko Kwalejin Hassan Usman Katsina. Ki riƙe kwalba uku, man yau, na mako biyu, na wata guda, da shafi ɗaya da ke bayanin yadda kike soya gyaɗa, matsewa, tacewa da ajiya. Ki nemi a ba wa ɗalibin ajin ƙarshe a matsayin aikin bincikensa, ke ki ɗauki kuɗin sinadarai da mota. Ku rubuta ranar da za ki karɓi sakamako da abin da ba ki yarda a wallafa ba, domin malami wallafa yake nema a kan kalandar makaranta, ke kuma amsa kike so kafin kakar gyaɗa. Ki sa wanda ke kula da matsewar ya riƙa zuwa tare da ke. In maganar irin gyaɗa ce, Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, ita ke fitar da nau'o'in gyaɗar da ake kira SAMNUT.

Tambaya: Wani shirin tallafi ya yi shekaru yana aiki da sashenmu, aka koya mana tattara bayanai da waya. Shirin ya ƙare, aka yi wa jami'ai biyun da suka iya canjin wurin aiki, komai ya tsaya. Yanzu wani shirin zai shigo. Me za mu yi daban? *Jami'i a wata ƙaramar hukuma, shiyyar Daura*

Amsa: Malam, jiharmu ta daɗe da sanin wannan. Shirin bunƙasa aikin gona na Funtuwa da aka fara a 1975 da kuɗin Bankin Duniya yana cikin ukun farko a Najeriya, tare da na Gusau da Gombe. Daga baya aka shimfiɗa tsarin da malamin gona ke karɓar horo duk mako biyu, ya kuma zaga manoma a kan babur bisa jadawali. Tsarin yana cin albashi da mai da gyaran ababen hawa, kuma da rancen bankin ya ƙare, riƙe shi ya yi wa jihohi nauyi. Ilimin da aka jingina shi da kuɗin baƙo, ranar da baƙon ya tafi yake fara zubewa.

Tun a zaman farko da sabon shirin ku tambaya: in kun tafi, nawa wannan aikin zai ci a wata, wa zai biya? A lissafa data, mai, gyaran waya, kuɗin manhaja. Abin da kasafin ƙaramar hukuma ba zai iya ɗauka ba, a nemi sassauƙarsa tun yanzu, a kuma fara sa layinsa a kasafi tun shekara ta biyu. Kada a yarda a buɗe ofishin shiri daban da ma'aikatan haya suna aikin ku kuna kallo. Ma'aikatanku na dindindin su yi, na shirin su tsaya a gefe.

Kowane aiki a samu mutum uku da suka iya shi, ɗaya daga cikinsu ƙaramin ma'aikaci ɗan garin wanda ba a cika ɗagawa ba. Ku rubuta wa hukumar kula da ma'aikatan ƙananan hukumomi sunayensu, ku roƙi kada a ɗauke biyu a lokaci ɗaya. In canjin ya zo, a ba da mako 2 na aiki tare, wanda zai gada ya yi zagaye guda cikakke da hannunsa, daga tattara bayanan har tura rahoto, kafin a sa hannu a takardar miƙa aiki. Imel da layin waya da asusun manhajar duka a yi musu rajista da sunan ofis, kalmomin sirrin a rufe su a ambulan a wurin shugaban sashe, kuma duk ƙarshen wata a sauke kwafin bayanan a ajiye a kwamfutar ofis.